Birkin Baya

Bihi ya taka birki a kwanar ƙarshe ta gangaren, ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Motar ko rage gudu ba ta yi ba. Ya cusa ta a giya ta biyu, injin ya yi kururuwa, ya ja birkin hannu, ya riƙa goga gefenta da jikin dutse har ta tsaya. Hayaƙi na tashi daga tayoyin gaba, ga wani wari kamar an babbake gashi.

Matarsa Tuda ta gyara mayafinta da ya zame.

"In ka gama wasan, mu tafi. Asibiti ba ya jiran kowa."

A hankali ya lallaɓa da ita har garin Azilal, ya sauke ta inda ake yi mata wankin ƙoda, ya wuce garejin ɗansu Idir.

Tun da ambaliya ta tafi da gadar ƙauyensu, Bihi ya sa aka ɗaga tsohuwar a-kori-kurarsa, aka ƙara mata sifirin don ta iya ratsa kogin. Ita kaɗai ce motar da ke isa ƙauyen yanzu.

Idir ya dubi gefen motar da ya goge, ya dubi ubansa.

"Inna na ciki lokacin?"

"Tana ciki. Ko salati ba ta yi ba."

"Baba, mota ce fa, ba raƙumi ba. A mayar da ita yadda aka ƙera ta."

"In ta sauka, kogi ya cinye injinta."

"To ku ku sauko gari mana! Ga ɗakin sama babu kowa, ga asibiti nan kusa."

"Uwarka ta ce a gidanta za ta kwana. Je ka faɗa mata da bakinka, in kana da ƙarfin hali."

"Ni dai ba zan sa hannu a abin da zai kashe ta ba."

Bihi ya tuɓe jallabiyarsa, ya rataye ta a ƙusa, ya jawo jak da kansa. Takalman birkin gaba, waɗanda Idir ya sa watan jiya, sun cinye har ƙarfe. Man birkin ya yi baƙi amma bai ragu ba. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa, babu inda ke yoyo. Gwiwoyinsa na ƙara, ya koma baya ya cire tayar. Takalman can sababbi fil, har ƙura ta kwanta a kansu.

"Ikon Allah. Na gaba suna ta mutuwa da aiki, na baya suna barci."

Ya kwanta rigingine ya shiga ƙarƙashin motar, yana bin bututun mai, har ya iske wani ɗan akwatin ƙarfe da siririyar sanda ta haɗa shi da gindin tayoyin baya. Sandar ta miƙe tsam, kamar za ta tsinke.

"Idir! Wannan sandar fa, mene ne aikinta?"

Sai ƙafafun Idir ya gani sun matso.

"Ita ke gaya wa birki nauyin da ke baya," in ji Idir, murya ƙasa-ƙasa. "Da kuka ɗaga motar, sai ta ɗauka kullum babu kaya, ta hana na baya mai. Na gaba su kaɗai ke riƙe ta, har su yi zafi su saki."

Bihi ya fito a hankali, baƙin mai a gemunsa.

"Yaushe ka san haka?"

"Ranar da na canja takalman na yi zato. Cewa na yi in ta dame ka da cin takalmi za ka gaji, ku dawo gari. Wallahi Baba ban zaci..."

Hannun Bihi ya ɗaga. Ya daɗe a sama. Sannan ya sauke shi, ya ɗauko sifana a ƙasa ya danna wa ɗansa a ƙirji.

Idir ya yanko ƙarfe, ya yi waldi ya ɗaga mazaunin sandar daidai tsayin da aka ƙara wa motar. Ya sa sababbin takalma, ya zubar da ƙonannen man. Uban na taka birki yana saki, ɗan na fitar da iska, babu mai kallon wani.

Bayan la'asar Bihi ya ɗauko Tuda a tasi. A hanya ya gaya mata komai. Ta fito fuskarta fayau, auduga manne a hannunta, ta wuce Idir kamar ba ta gan shi ba. Ta kama ƙofar motar ta hau da kanta, ta matsa tsakiya.

"Inna, bari in gwada ta a gangare tukuna, ni kaɗai."

"Ka yarda da gyaranka?"

"Na yarda."

"To shigo ka tuƙa. Tsohon nan ya gaji."

Idir ya dubi garejin, ya dubi motocin mutane da ke jiransa. Ya jawo ƙofar garejin ya sa kwaɗo.

"Kuma ka kira matarka," in ji Tuda, tana kallon gabanta. "Ka ce kada ta ajiye maka abinci. Kogin na cika da yamma, sai gobe za ka samu fita."