Fuskar Maman Praise a Jikin Kwalba

"Ɗaga kwalbar kusa da kumatunki, Mama. Kalli nan. Yauwa!"

Rachael ta ɗaga. Shekara goma sha ɗaya tana tuƙa man kaɗanya a bayan gidanta da ke unguwar Shango, ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Mai ɗaukar hoton, Edward, a wani taron horar da mata 'yan kasuwa ta gamu da shi, yana ƙamshin turare, yana raba kati mai cewa shi mai ba da shawara ne kan tallan intanet.

"Manki ba shi da laifi," ya ce, idonsa na kan wayarsa. "Amma yanzu kasuwa ta koma cikin waya. Ki san su wa ke sayen kayanki, ki yi tambari, a riƙa ganinki kullum. Ni zan riƙe miki shafinki na intanet. Ba ni lambar sirrin."

Ta ba shi.

Da ya tafi, mijinta Josiah ya daɗe yana kallon ƙofa. "Maman Praise, mutumin nan ko shinshina man bai yi ba."

"Talla ne aikinsa, Baban Praise, ba tuƙi ba."

* * *

Cikin mako guda mabiya shafin suka tashi daga ɗari biyu zuwa dubu tara. Ta riƙa duba sunayensu: baƙi ne, daga ƙasashen da ba ta sani ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayar farashi.

Sai ga Edward ya dawo da wani farin gari a leda, babu rubutu a jikinta.

"'Yan matan jami'a hasken fata suke nema. Cokali biyu a kowane bokiti, ki ga ciniki."

"Man da mahaifiyata ta koya mini a Kuta ba a zuba masa komai."

Bai yi gardama ba. Ya naɗe ledarsa a hankali, kuma wannan sanyin nasa ne ya tsinka mata zuciya. Ya nemi kwali guda na kwalaben da ba a cika ba, wai zai ƙara hotuna. Daga ranar wayarsa ta daina shiga. Shafin ma ya ƙi buɗuwa, ya ce lambarta ba daidai ba ce.

* * *

Ranar wata Talata da hantsi wata budurwa ta yi sallama, ta rufe fuska da mayafi. Ta ce sunanta Yasmin, ɗaliba ce a jami'ar da ke Gidan Kwano. Ta ajiye kwalba a kan benci, sannan ta yaye mayafin.

Fatar kumatunta ta saɓule, ja wur, gefenta ya ƙone baƙi ƙirin.

Rachael ta ɗauki kwalbar. Sunanta ne, hotonta ne, sai wani sabon layi a ƙasa: haske cikin kwana bakwai. Ta buɗe, wani wari kamar na maganin wanke banɗaki ya bugi hancinta.

"'Yata, wannan ba nawa ba ne."

"Wannan ba fuskarki ba ce, Mama?" Yasmin ba ta ɗaga murya ba. "Don na ga dattijuwa ce shi ya sa na yarda. Mu shida muka saya. Ɗaya tana asibiti."

* * *

Da Rachael ta je ofishin da ke rubuce a katin Edward, ta tarar ya zama shagon aski. Mai askin ya ce Edward ya daɗe da tashi, amma har yanzu yana aika kaya ta tasha kowace safiya.

Washegari da sassafe ta isa tashar. Ba ta sha wahalar nema ba. Kwalaye takwas ne ɗaure a bayan motar Kontagora, kowanne da sunanta da hotonta.

Direban ya dube ta, ya dubi kwalin, ya washe baki. "Madam, ashe ke ce! Kai, kayanki na tafiya. Jiya ma na saya wa iyalina kwalba biyu."

Ta cafke igiyar da ta ɗaure kwalayen. "Sauke su! Guba ce. Kar ka bari ta shafa!"

Ya tuntsire da dariya, ya ce manyan 'yan kasuwa akwai barkwanci. Ya shiga ya tayar da mota. Igiyar ta zare daga hannunta da ƙarfi, motar ta fice ta hau titi.

Rachael ta tsaya a tsakiyar tasha, fasinjoji na ratsa ta, tana kallon jan layin da igiyar ta bari a tafin hannunta.