Hannun Aro

Tsohona Toktosun bai taɓa fashin hawa dutse kiwo da dawakinsa ba idan ciyawa ta fito. Bana kuwa Likita Cholpon ta ce ba inda za shi sai hawan jininsa ya sauka. A birni take, ta waya muke ganinta. Kafin a kai gare ta, sai ƙirƙirarriyar basirar da asibiti ya sa a wayar ta yi maka tambayoyi, ta karanta awon abin da ake ɗaurawa a damtse.

Ranar awo sai ga amininsa Saginbek, abokin hawa dutsensa, mai bugun ƙirjin bai taɓa shan ƙwayar magani ba, kullum yana kan kitsen jelar rago da nonon goɗiya. Ina zuba shayi ina kallonsu. Tsohona ya jingina wayar da tukunyar shayi, fuskarsa kaɗai ke fitowa. Saginbek ya kwanta a bayansa kan shimfiɗa, ya ɗaura abin awon a damtsensa. Na ƙyale su, ina so in ga ƙarshen wayon tsofaffi.

Wayar ta ce, "Baba, wannan awon ya hau ƙwarai, kuma bai yi kama da naka na baya ba. Ni ba likita ba ce, ba zan yanke hukunci ba. Yanzu zan haɗa ka da Likita Cholpon."

Tsohona ya ce, "Ke 'yar nan, ki bari mu sasanta mana."

Ina, har Cholpon ta bayyana. Ta ce, "Baba, ɗaga min hannayenka duka biyu."

Ya ɗaga, fayau, ba komai a jiki.

"To, mai hannun ya fito."

Saginbek ya taso yana karkaɗe hula. Ta sa a nemo mota a kai mata shi a ranar. Sannan aka auna tsohona, sai ga nasa daidai. Yo ba dole ba, tun sanyi nake rage masa gishiri yana cewa girkina ya lalace.

Likita ta ce ya hau dutsensa. Na yi zaton zai yi tsalle, sai na ga ya kalli amininsa, idonsa ya kawo ruwa. Har ni abin ya ba ni tausayi.

Ya sauke sirdin da ya ɗaura tun safe, ya shiga motar kusa da Saginbek. Ya ce, "Matsa, maƙaryaci. Da ka mutu a can kan dutse, wa zan riƙa zagi?"