Ƙasar Taimamar Malam Barau

"Ba ita ba ce," in ji Malam Barau, ya ture farantin da bayan hannu. "Wannan jangargari ce ta wajen Zariya. Ji yadda take kama yatsa."

Hamani ya mayar da farantin ƙasar gefen katifa. Tun da likita ya hana tsohon taɓa ruwa saboda gyambon ciwon suga, sallarsa ta koma sai da taimama, shi kuma ya kafe sai da rairayin garinsu, Gumel. Gidan hayarsu a Agege siminti ne ko'ina, 'yar ƙasar da ta rage ta bakin kwata ce. Tsohon ba shi da kowa a Legas sai Hamani, da bango ɗaya ya raba ɗakunansu.

Kullum Hamani ya gama dako a kasuwar Mile 12 sai ya bi tireloli yana roƙon ƙasa. Ya kakkaɓo baƙar ƙasa daga jikin doyar Binuwai, tsohon ya ce laka ce. Ya ɗebo yashin magina, ya ce ƙarnin teku yake yi. Mutum kwance ba ya iya juyawa, amma hancinsa ya fi na kowa aiki!

"Baba, ƙasa duk ta Allah ce. Salloli fa suna wuce ka," in ji Hamani wata safiya.

"Zan rama idan ta zo. Tamu fara ce, tana zubewa ta tsakanin yatsu."

Abin da ke ci wa Hamani rai ke nan: kada mutuwa ta riski tsohon da salloli a kansa saboda taurin kai. Ran nan ya fita a fusace, ko sallama bai yi ba.

Da Badaru, direban tirelar shanu, ya miƙo masa ƙullin rairayin Gumel a kasuwa ranar, Hamani ya bar kayan mutane ya faɗa motar haya ta danfo. Goslo ya riƙe su a Ojota har la'asar ta wuce. A ƙofar gida ya tarar an shimfiɗa tabarmi.

"Sai haƙuri," in ji Mariamu, matar mai gidan. "Bayan azahar ne."

Da aka dawo daga maƙabarta Hamani ya shiga ɗakin tsohon. Farantin jangargarin na nan gefen katifa, inda ya bar shi. A kan jar ƙasar akwai sawun tafin hannu biyu, yatsun a buɗe.

Hamani ya durƙusa, ya ajiye ƙullin kusa da farantin, bai kwance shi ba.