Koren Mayafi a Shafi na Bakwai

Jabez Kambai ne ya tozarta ta, kuma da murmushi ya yi, yana kiran ta Mama.

Habibatu ba ta taɓa zama a aji ba. Ta zo Manchester ne don ta riƙe wa 'yarta Jamilatu yarinya, Hana, ita kuma Jamilatu tana karatu a jami'a. Kullum in ta raka Hana makaranta sai ta biyo ta bakin kanal, doguwar hanyar ruwan da ta ratsa bayan tsofaffin masaƙu kusa da Gorton, da sauran tuwon jiya a leda. Ita dai ba za ta zuba abinci a shara ba. Takan marmasa wa dinyoyi da agwagi, ta zauna kusa da gada tana jan carbi.

A nan Jabez ya same ta. Ɗan Kafanchan ne, Hausa a bakinsa rangaɗaɗau. Ya ce littattafan yara yake rubutawa, bakin ruwan nan ne yake ba shi labari. Wata uku yana biye da ita. Ita ta nuna masa zalɓen da ke tsayuwa da ƙafa ɗaya bayan ƙofar ruwa, ita ta riƙa cika masa aljihu da cincin. Da ya ce zai ɗauki hotonta, har gyara mayafi ta yi.

Littafi ya fito, ya kawo mata guda har gida. Ga ta nan zane a shafi na bakwai: koren mayafin, tsagar kumatunta, wushiryarta, har ledar. Jamilatu jarrabawa ta sha mata kai, ta ce sai daga baya. Hana ta karanta, ta rufe, ta shige ɗaki. Tun daga makon ta daina yarda a riƙe mata hannu a ƙofar makaranta, Habibatu kuwa ta ɗauka girma ne ya fara zuwa.

Abin da ya fi cin ranta shi ne Birmingham. Suna aka gayyace su, ta tafi da littafin cikin jaka. Da hannunta ta bi mata ɗaya bayan ɗaya tana cewa su ga inda Allah ya kai 'yar ƙauye. Kowace ta duba sai ta ce masha Allah, ta yi maza ta miƙa wa ta kusa. Sai Hajar, ƙanwar mai jego, ta ja ta kicin ta fassara mata: wata tsohuwa ce mai yi wa ruwa surkulle, duk yaron da ya ci abin cikin ledarta sai ya zama dinya.

"Mayya fa aka ce, Gwaggo," in ji Hajar, idonta a ƙasa.

Ga shi ba ta jima da raba wa yaran gidan cincin ba. Har suka iso Manchester ba ta ɗaga mayafi daga fuskarta ba. Mako biyu ba ta leƙa kanal ba, tana gani Jamilatu ke juye tuwo a shara. Sannan Hana ta faɗa mata cewa 'yan ajinsu kullum sai sun tambaye ta yaushe fukafukanta za su fito.

Ran Asabar Jabez ya kwaso yara da iyayensu, yana zagayawa da su bakin kanal su ga inda labarinsa ya samo asali. Ƙarƙashin gada ya tarar da ita tsaye, Hana a bayanta. Yara suka fara nuni suna raɗa. Habibatu ta ji kamar ta juya, amma Hana ta kama gefen mayafinta.

"Mama, ina kwana?" Ya rage murya. "Ai labari ne kawai, ban sa sunanki ba. A ƙarshe ma tsohuwar ta maido da yaran."

Ta buɗe shafi na bakwai, ta ɗaga kusa da fuskarta.

"Sunana ba ka sa ba, fuskar fa ta uwar wa ce? Ka san ba na karatu, ka kawo mini har ɗaki. Ga yaran nan, ga iyayensu, ga jikata. Juya ka faɗa musu da Turancin da ka zage ni da shi: cincin ɗina nawa ka ci, kuma ina fukafukanka? Ba na matsawa daga nan, Jabez, sai ka amsa."