Daron Da Aka Kai Bola

Kai ne, Mai-makulli, mai kula da gidan nan. Kai ka sauke min darona daga saman bene ka kai bola, kada ka tsaya kana zare min ido. Matar tela ta gan ka ɗauke da shi a ka, tsakuwa na zuba a matakala.

Bari in gaya wa sauran 'yan haya abin da ke ciki, tunda na ji ana cewa tsohuwa ta zare a kan ruɓaɓɓen kwano. Wani tsiro ne na kan dutse, mu a can ƙauyenmu muna ce masa mai-taurin-rai. Ganyensa kauri gare shi, cike da ruwa, in ka matsa sai ya jiƙa maka yatsa. A tsagin dutse yake fitowa, can sama inda iska ke yankan kunne, inda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Saiwar ce magani, in an yanka ta ƙamshi kamar fure. Uwata ta koya min ba a tumɓuke ta. Gefe ake ɗan yanka, a bar uwar saiwar ta sake yin 'ya'ya.

Da masu fasa dutse suka zo da injinansu suna cinye gefenmu, ni na hau da ƙafata, gwiwa na ƙara, na ciro gindi guda kafin su iso. Na zuba tsakuwa a daron wankina da ya ɓule na dasa. Ranar da Autana ya kwaso mu zuwa gari, tukwanena na bari, daron na runguma a mota. Na kai shi saman bene bayan tankin ruwa don can ne iska take.

Tsohona kuwa, wato mijina, sanyi na shigowa ƙirjinsa ke kamawa, numfashi sai ka ce ana busa sarewa. Yana shan maganin asibiti, ban taɓa hana shi ba. Amma in na jiƙa masa 'yar saiwar nan a ruwan zafi ya kurɓa, sai ya ce, "Yauwa, na ji ƙamshin gida." Daga nan zai yarda ya ci abinci. Ku kira shi camfi in kun ga dama, ni ke zaune da shi.

To halin tsiron ke nan: da sanyi sai ya zubar da ganye, kara ya bushe ƙamas kamar tsintsiyar da aka yar. Kwanciya yake yi, ran yana ƙasa. Jiya na hau da wuƙata in yanko wa tsoho, sai na tarar da zagayen tsatsa a siminti, babu daro.

Da na tare ka, me ka ce min?

"Iya, busasshen abu ne fa. An ce a share sama."

Na ce, "Busasshe? Kai ma kanka ya bushe, gashi ko ɗaya babu, an kai ka bola?"

Tela ya shaƙe da dariya a kan kekensa. Sai ka ce, "Ni fa na tambaya. Ɗanki ne ya ce in ɗauke."

Ban yarda ba sai da Auta ya dawo daga aiki rungume da sabuwar tukunya, da wani koren abu a ciki yana ƙyalli.

"Inna, na ga waccan ta mutu, na ce kada ki gani ranki ya ɓaci. Ga wannan, ta ma fi kyau."

"Kyau babanka zai sha? Kai da aka yi ta ɗura maka ruwanta kana jariri, ba ka san tana barci ba? Bakinka ciwo yake da ba za ka tambaye ni ba?"

Ya sunkuyar da kai. Sunkuyar da kai ba ya dawo min da saiwa.

Na ɗauki sandata na tafi bola. Ni da furfurata, ina tona toka da tsumma, mutane na wucewa suna kallo, na ce su kalla. Na sami daron a kife. Na sami guntun saiwa kamar babban yatsana, na kankare da farce, ga ƙamshin nan bai tafi ba. Uwar kuwa tana can ƙarƙashin tulin, an jibga mata shara, ƙarfina bai kai ba. Gobe da safe motar kwasar shara za ta zo.

Guntun na dasa shi, kuma a ƙofar ɗakinka na ajiye daron, Mai-makulli, kullum ka fito ka gaishe shi. Taɓa shi ka gani. Amma sai ya yi shekaru kafin wuƙa ta hau shi, tsohona kuma yau da safe ya miƙo hannu yana neman kofinsa, na ce masa ruwa bai tafasa ba.

Ban yi makaranta ba, ban san ofishin da ake kai ƙara ba, kuma ba na son haƙurinku. Akwai shebur a ɗakin ajiya, makullin yana ƙugunka. Kai da ka ɗauka, da Auta da ya ba da baki, ku wuce bola yanzu ku tono min uwar saiwata kafin mota ta zo. In kuwa kun dawo hannu wofi, ku shiga ɗaki ku durƙusa gaban tsohon nan, ku gaya masa da bakinku wanda ya ba ku ikon yanke wa abin da ba ku shuka ba hukuncin mutuwa.