'Yar Aujara

"Kubura! Ke kika san shige da ficensa. Wace ce 'Yar Aujara?"

Alhaji Barau ne, yayan Dakta Muntaka, tsaye a zaurena da makullin mota a hannu, ko sallamar kirki bai yi ba. Ina tsaka da ƙulla zoɓo a leda. Dakta maƙwabcina ne a nan Dutse, katanga ce ta raba mu, yana kuma kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi.

"Tun da gari ya waye yake kiranta," in ji Alhaji, yana rage murya. "'Yar Aujara, kar ta mutu, kar ta mutu. Mutumin da matarsa ta rasu bai sake aure ba! In mace ya ajiye a ɓoye, yanzu da ake shari'a, ina za mu sa kanmu? In kuwa 'ya ce, ai tana da gado. Aujarar zan tafi yanzu."

Allah ya yafe mini, dariya ce ta ƙwace mini. Sai kuma ta maƙale, don na tuna tun jiya da hantsi aka ɗauke wuta.

"Alhaji, ajiye makullin nan. Tana ɗakinsa na baya, cikin firji!"

"Innalillahi! A firji?"

Ni na san ta ne saboda ƙanƙara. Duk ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, Dakta zai ɗauko kularsa ya zo wurina, ya tsaya yana zuba mini surutu ina fasa masa. Aikinsa binciken ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani ne. Daga Turai ya dawo lokacin da Jigawa ke sabuwar jiha, ya riƙa bin asibitocin ƙauye yana tattaro su a 'yan kwalabe, kowacce da sunan garinsu: 'Yar Miga, 'Yar Ringim. 'Yar Aujara kuwa daga jikin wata yarinya ya samo ta, wadda aka gwada mata duk maganin da ke akwai, zazzaɓin ya ƙi sauka har ta cika. Bai taɓa mancewa da yarinyar nan ba.

Ya ce kowace halitta akwai dogon rubutu da Allah ya yi a cikinta, shi kuma layin da taurin kan yake ciki yake nema. "Kuma ba su da rowa, Kubura. Wadda ta koyi ƙin magani sai ta sam wa maƙwabciyarta, kamar yadda kuke ɗiban wuta a junanku." In ya gan ni da kafso ja da yalo na masu talla, faɗa zai hau yi. "Ki sha biyu ki ajiye? Makaranta kike sa su!"

Kafin ya kwanta ya gaya mini, yana ta murna kamar yaro, cewa an sami inda za a karanta rubutun 'Yar Aujara kaf, ɗalibarsa Ikilima za ta zo daga Kano ranar Laraba ta ɗauke ta. Ga shi yau Laraba. In zafi ya taɓa ta, aikin shekaru ya tafi.

Mayafina a hannu, muka nufi gidan Dakta a guje. Aka nemi makullin ɗakin aka rasa, Alhaji ya kira Ɗanladi kafinta ya ɓalle kwaɗon. Ruwa na ɗiga daga ƙasan firjin. Tawa ƙanƙarar ma rabi ta narke, sai na leƙa ta kan katanga na ƙwala kira: "Matan layi, duk mai ƙanƙara ta kawo! Ta Dakta ce!" Kafin ka ce me, an cika tsakar gidan da kwanuka da bokitai. Wata ƙullin kunun aya daskararre ta kawo, na karɓa.

Na buɗe firjin. Ga gwangwanin ƙarfen da kwalbarta take ciki a can ƙurya, a liƙe yadda ya saba, wanda ya ce ko da wasa kar wani ya buɗe. Na kai hannu. Sanyi ya cije mini yatsu.

"Da ranta!" na ce. Saura kaɗan in rangaɗa guɗa a gidan mara lafiya.

Muka binne gwangwanin cikin ƙanƙara a kula, Alhaji da kansa ya ɗauka har gaban gadon ƙanensa. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Dakta, ga 'yarka. Ba ta ji zafi ba."

Alhaji ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ɗora a kan ƙanƙarar. Rabin bakin Dakta ya yi murmushi.

"Muntaka, ka kusa sa ni neman surukai a Aujara," in ji Alhaji, yana dariya hawaye na zuba a gemunsa.

Ikilima ta iso bayan azahar. Da ta ga yadda malaminta ya koma, ta zube ta ce ba inda za ta. Dakta ya dube ta, ya dubi kular, ya dubi ƙofa. Ya sake yi.

"Tashi, 'yar nan," na ce mata. "Ƙanƙara ba ta jira."

Ta rungumi kular ta fita tana kuka. Dakta yana saurare har ƙarar motar ta ɓace a kan titin Kano. Daga nan Alhaji ya sunkuya yana laƙƙana masa kalmar shahada, leɓensa na bi a hankali. Kafin a kira la'asar ya cika. Na yi kuka sosai, don na rasa mai yi mini faɗa.

Da aka fita da shi na shiga share ɗakin. A gefen gado, inda kular ta zauna, akwai zagayen lema a kan siminti. Na kewaye shi da tsintsiya, na bar shi ya bushe da kansa.