Azurfar Gidan Tururuwa

Ranar wata Laraba, cikin bazarar shekara ta biyu da ruwa ya ƙi sauka, Dija ta tono tulun.

Abinci ta fita nema. A wannan shekara matan ƙauyukan Agiye sun koyi yi wa tururuwa sata: su bi layinta har rami, su haƙa, su kwashe 'yan ƙwayoyin ciyawar da ta tara, su sheƙe ƙasar, su dama kunu. Hauyar Dija ta bugi wani abu ya ce ƙwas. Ta dawo gida da ƙaramin tulu naɗe a bakin zane, cike da faya-fayan ƙarfe da suka manne da juna, baƙi ƙirin.

Mijinta Jibrilla, wanda gari ke kira Mushe, irin kiran da ake yi wa malamin boko da Faransanci, tun yana koyarwa a lakol, wato makaranta, kafin bakinsa ya jawo aka sallame shi, ya kankare ɗaya da farce. Fari ya leƙo.

"Azurfa ce," ya ce. "Kuɗin mutanen da."

"To, Malam, jibi kasuwar Cadawa. Ka kai wa Sanda mai awo ya ba mu gero."

"A haka? Kamar kashin awaki? Ya ce mini dalma ce, ya ba ni abin da ya ga dama. Sai na wanke su, na karanta abin da ke jikinsu, na san abin da nake sayarwa."

"Cikina bai iya karatu ba."

"Naki da na duk garin nan. Shi ya sa kowa ke cutar ku."

Ta yi dariya, amma sai da ta dafa bango.

Ya fara da toka, baƙin bai motsa ba. Ya gwada yashi, ya ga yana ci wa rubutun fuska, ya bari. Sai idonsa ya kai kan ƙullin tsamiyar da ke rataye a madafa. Ita ce ta ƙarshe a gidan. Da ita Dija ke tsamama kunun dusa don ya yarda ya wuce maƙogwaro. Ya sauke ta, ya jiƙa a ƙwarya, ya zuba kuɗin ciki. Ruwa ma ya ɗiba daga randa, a lokacin da mace ke wuni a bakin rijiya kafin ta cika guga.

Tsamiya ta yi aikinta a hankali. Ranar kasuwa ta zo, amalanken maƙwabcinsu Magaji ya tsaya a ƙofar gida, Magaji ya ce, "Mushe, za ka ko a'a?" Jibrilla ya dubi ƙwaryar. Rabi sun fara haske, rabi suna nan baƙi.

"Sai kasuwa ta gaba."

Dija ta juya ta shige madafa. Ta koma ta jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ba a ci sai an yi ta canza musu ruwa har dafin ya fita. Ruwan randa bai isa a canza yadda ya kamata ba. Ta ɗanɗana, ta tsame masa waɗanda suka fi jiƙuwa, ta ci sauran.

Shi kuwa yana zaune a inuwar rumbun da babu komai ciki, yana goga da tsumma. Daga ƙarƙashin baƙin, kan wata mata ya fito, mai kumatu, mai kauri a wuya, gashi a tsefe. Ya yi ta juya shi cikin rana yana haɗa baƙaƙen da ke zagaye da ita. Rabon da ya sami sabon abin karantawa har ya manta. Ya kai wa Dija inda take kwance kan tabarma.

"Kin gani? Sarauniyar wata ƙasar Turawa ce. Ta mutu tun kakanninmu ba su zo nan ba."

Dija ta daɗe tana kallo. "Wannan dai ta ƙoshi," ta ce.

Gudawa ta kama ta. Balkisu maƙwabciya ta shigo da jiƙon saiwa, ta tsallake ƙwaryar da ke ƙyalli a tsakar gida, ta ce, "Mushe, ka gama yi musu wanka? Saura lalle da kwalli." Da can da ya mayar mata da wadda za ta kwana tana juyayi. Ran nan sai ya sunkuya ya ci gaba da goga.

Da kasuwa ta zagayo, jakin Magaji ya riga ya faɗi, babu amalanke. Jibrilla ya ɗaure kuɗin a ƙugu ya kama hanya da ƙafa. Gawar shanu ta ko'ina, fata a kan ƙashi, ko ungulu ta gaji.

A rumfar Sanda ya tarar da layin matan makiyaya, kowace tana kwance abin da ke gashinta da kunnenta da hannunta. Azurfa tuli a kan buhu, duk ta yi baƙi da man shanu da zufa. Jibrilla ya zazzage nasa suna walƙiya, ya buɗe baki zai yi bayanin sarauniya. Sanda bai ɗago ba. Ya watsa su kan sikeli, ya juye cikin tulin, ya ce wa yaronsa ya auna gero. Gero ya tashi tun waccan kasuwa. Abin da aka zuba masa bai kai rabin abin da zai samu a lokacin ba.

Ya ɗora a ka ya juyo. Duk tsawon hanya yana shirya maganar da zai faɗa mata, yana ragewa, yana gyarawa, don tun da suka yi aure bai taɓa faɗin irinta ba.

Tun daga nesa ya hango maza zaune a ƙofar gidansa, Magaji a cikinsu, ƙafafunsu da jar ƙasar maƙabarta. A wannan zafin ba a jiran kowa.

Ya sauke geron a hankali don kada ya zube. Abin da ya so ya ce mata bai da tsawo: "Dija, ke ce da gaskiya, da na tafi tun ranar da kika ce."